Ranar da Tarwaɗa Ta Ƙi Abinci: Tarihin Kifi Daga Kogin Haɗejiya Zuwa Tankunan Dutse

Duk wanda ya taɓa kiwon kifi a Limawa, ko wata unguwa ta Dutse, ya san irin wannan safiya. A tsakiyar Janairu ne, hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe duwatsun gari. Mai kiwo ya ɗebi abinci ya watsa a tanki kamar yadda ya saba, yana jiran ruwa ya yamutse da kokawar tarwaɗa. Sai ya ji shiru. Ƙwayoyin abincin suna yawo a saman ruwa har su jiƙe su nutse, manyan kifayen da aka shafe wata huɗu ana ciyarwa kuwa sun kwanta a ƙasa, ko sun rataye a tsaye kusa da saman ruwa. Babu wanda ya mutu tukuna. Amma jarin da aka zuba, wanda sau da yawa kuɗin adashi ne ko na sallama daga aiki, ya fara tangal-tangal.

Abin da yawancin masu kiwo ke yi a wannan lokaci shi ne su garzaya kantin magungunan dabbobi. Tarihin kiwon kifi kuwa yana nuna cewa ba can ya kamata a fara dubawa ba. Domin fahimtar dalili, sai an koma baya an ga yadda aka yi kifi ya baro kogi ya shigo tsakar gida, da abin da aka manta a bakin kogin.

Zamanin da ambaliya ke canja ruwa

Dutse gari ne na duwatsu da dabino, babu babban kogi a gefensa. Kifin da mutanensa suka saba ci daga yamma da arewa yake zuwa, inda Kogin Kano da Kogin Challawa suka haɗu suka zama Kogin Haɗejiya, ya ratsa Wudil da Ringim ya nufi fadamun Haɗejiya da Nguru. A can ne sana'ar su ta yi ƙarfi tun zamanin da, da Sarkin Ruwa da ƙa'idojinsa, da koma da taru da birgi da gora. Masunta sun san tarwaɗa da ramboshi da karfasa da kurungu da bargi da yauni da giwan ruwa, sun san inda kowanne ke kwana da lokacin da yake ƙwai.

Ilimi ne mai zurfi, amma na kamu ne. Masunci bai taɓa bukatar sanin yadda ake tsaftace ruwa ba, domin damina ce ke yi masa wannan aiki. Idan ruwa ya sauko a Agusta da Satumba, sai ya malale fadama, ya wanke kududdufai, ya nutsar da ciyayi, ƙwari da ƙananan halittu su yawaita. Kifi ya bi ambaliya ya yi ƙwai, 'ya'yansa su yi ƙiba kafin ruwa ya ja baya. Idan rani ya yi, kifi ya rage ci, ya koma zurfi yana jira.

A wannan duniya, ƙin abinci wani mataki ne na shekara. Gaiwa ce babbar shaida. Idan tafki ya ƙafe, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da majinar jikinta, ta shafe watanni ba ci ba sha, tana numfashi da huhu ta wata 'yar kafa. Hausawa sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta take ci. A 1930 wani masanin aikin gaɓoɓi ɗan Amurka, Homer Smith, ya wallafa binciken da ya tabbatar da haka: tsokar jikinta take ƙonawa a hankali domin ta rayu. Ya kuma nuna cewa a wannan hali gaiwa tana tara dattin jikinta a wani siffa mai sauƙin guba, irin wanda ke cikin fitsarin mutum, maimakon amoniya da kifi ke zubarwa cikin ruwa. Wannan amoniya ita ce za ta zama babbar matsalar duk wanda ya tsare kifi a wuri ɗaya.

Abin da Turawa suka koya a akwatin gilashi

Ajiye kifi a gida tsohon abu ne. Mutanen Sin sun riƙa kiwon jan kifin ado a tafkunan gidaje tun zamanin daular Song, kimanin shekara dubu da suka wuce. Sai dai akwatin gilashi irin na yau a Ingila aka haife shi. A 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya bayyana gwajin da ya yi: ya sa kifaye biyu da tsiron ruwa a tulun gilashi, da ganye ya fara ruɓewa ya ƙara musu dodon koɗi, sai ruwan ya zauna garau na tsawon lokaci ba tare da an canja shi ba. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko da jama'a ke shiga kallo, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa kalmar akwariyam. Nan da nan abin ya zama yayi a gidajen masu hali, kifaye kuma suka riƙa mutuwa ba tare da an san dalili ba.

Amsoshin sun zo ɗaya bayan ɗaya. A 1876 wani Bafaranshe mai suna Fouquet ya siffanta ƙwayar halittar da ke fesa wa kifi fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masa gishiri. A 1888 Lajos Winkler, ɗalibi a Budapest, ya ƙirƙiro hanyar auna yawan iskar oksijin da ta narke cikin ruwa, hanyar da har yau ake koyarwa a jami'o'i. A farkon shekarun 1890 Sergei Winogradsky ya nuna cewa akwai wasu bakteriya masu mayar da amoniya zuwa naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait zuwa naitiret mai sauƙin illa. A 1904 Bruno Hofer na Munich ya wallafa littafin da ake ɗauka a matsayin tushen ilimin cututtukan kifi.

Idan aka haɗa waɗannan bincike, hoton ya fito sarai. Kifi yana fitar da amoniya ta mashaƙarsa, wato jajayen tsokokin da ke ƙarƙashin marfin kunnensa. Gwargwadon abin da ya ci, gwargwadon abin da zai fitar. A kogi ruwa ya tafi da ita. A tanki kuwa sai ta taru, ta ƙona mashaƙar, kuma gubarta tana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ko ya yi kanwa-kanwa. Bakteriyar da ke cinye ta suna bukatar mako huɗu zuwa shida kafin su zauna a matatar sabon tanki. A tsakanin nan naitirait ta hauhawa, ta shiga jini ta hana shi ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Kifin da ke cikin wannan hali, abu na farko da yake bari shi ne abinci, domin narkar da abinci yana cin oksijin, yana kuma ƙara amoniya.

Wani abin mamaki shi ne, da yawa daga cikin manyan kifayen da masu akwariyam a Turai da Amurka da Japan ke alfahari da su 'yan gida ne a fadamun Haɗejiya. Gartsa da gaiwa da bargi da yauni da kurungu duk ana sayar da su a can da tsada, kuma Legas na cikin mashigan da ake fitar da kifin ado daga Afirka ta Yamma. Yauni ma yana da matsayi a tarihin kimiyya, domin a kansa ne Hans Lissmann na Jami'ar Cambridge ya gano, a 1951, cewa akwai kifin da ke fitar da lantarki mai rauni a kai a kai, daga baya aka tabbatar da shi yake lalubar hanya cikin ruwa mai duhu. Waɗannan kifaye su ne suka fi ba masu su wahalar ci. Yauni yana iya haura mita ɗaya da rabi, akwati ya yi masa kaɗan. Bargi tace ƙananan abubuwa yake yi daga laka, saboda haka ƙananansa sukan rame su mutu a akwati mai tsafta, ga abinci a gabansu. Manyan masu farauta kuma, idan aka dage musu da ɗanyen kifi iri ɗaya, sukan rasa bitamin B1, hantarsu ta yi kitse, su daina ci.

Madatsun ruwa da kachala

A Nijeriya, gwamnatin mulkin mallaka ce ta fara gwajin kiwon kifi a tafkunan da aka haƙa. Gonar kifi ta Panyam, kusa da Jos, an kafa ta a farkon shekarun 1950, aka kuma shigo da wani kifin Turai mai jure sanyi aka zuba. A 1968 aka fara aikin bincike a kan tafkin Kainji, wanda ya rikiɗe ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa. Duk da haka, har zuwa ƙarshen shekarun 1980 kiwon kifi harka ce ta gwamnati da 'yan tsiraru. Kifin kasuwa daga kogi da Tafkin Chadi yake fitowa.

Abin da ya sauya lissafi a wannan yanki shi ne madatsun ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da Jigawa ke cikin Jihar Kano, aka gina madatsar Bagauda, aka kammala ta Tiga a 1974 domin noman rani a Kadawa da samar wa birnin Kano ruwa. A 1992, shekara guda bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka kammala ta Challawa. Amfaninsu ba ɓoyayye ba ne, shinkafa da tumatir da alkamar Kura da Kadawa shaida ne. Amma a ƙasan kogi an biya farashi. Binciken masana tattalin arziki a shekarun 1990 ya ƙiyasta cewa filin da ambaliya ke malalewa a fadamun Haɗejiya da Nguru ya ragu daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, ya koma tsakanin hekta 70,000 da 100,000. Farin da aka yi a 1973 da 1984 shi ma ya taimaka.

Yanayin ruwan ma ya canja. Kogin da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani, yanzu ana sako masa ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan shi ne abin da kachala ke so. Ta mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe wasu, ta karkatar da ruwa zuwa gonaki da ƙauyuka, ta hana kwalekwale da koma shiga. An sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya kuma a 2008, amma wannan bai dawo da tsohuwar ambaliya ba. Kasuwar kifi ta Haɗejiya tana nan da girmanta, sai dai bakunan da ke jiran kifi sun ninka, musamman a sabon babban birnin jiha da ma'aikata suka cika bayan 1991.

Yadda tarwaɗa ta shigo tsakar gida

Tarwaɗar da ake kiwo a yau, wani Bature mai yawon bincike, William Burchell, shi ya fara siffanta ta a rubuce a 1822, daga yankin Kogin Gariep na Afirka ta Kudu. Matsalarta ga mai kiwo ita ce ba ta yin ƙwai a tanki da kanta, sai ta ji alamun ambaliya. A farkon shekarun 1970 masu bincike a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, suka fara gwada yi mata allurar da ke sa ta saki ƙwai, a 1974 De Kimpe da Micha suka wallafa jagorar farko ta kiwonta. Daga nan Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ta ɗauki aikin, ta daidaita hanyar ƙyanƙyasa da renon 'ya'ya, aka fitar da littafin koyarwa a 1985 wanda ya yaɗu a Afirka. Da zarar an iya ƙyanƙyasa a ɗaki, sai ya zama ba a bukatar kogi.

A Nijeriya harkar ta fara bunƙasa a Kudu maso Yamma, sannan ta hauro Arewa tare da abincin kifi mai yawo a saman ruwa, da tankin siminti, da na roba, da na tamfol. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna kifin kiwo a ƙasar ya tashi daga kimanin tan 25,000 a 2000 zuwa sama da tan 300,000 a 2015, mafi yawansa tarwaɗa. A gari irin Dutse, duk mai rijiyar burtsatse da ɗan fili a bayan gida ya zama yana iya shiga sana'ar da a da gadon masunta ce.

Abin da ya sa tarwaɗa ta yi nasara shi ne kuma tarkon da ke cikinta. Tana da wata gaɓa mai rassa a bayan mashaƙarta da take shaƙar iska kai tsaye, saboda haka tana rayuwa a ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba. Wannan ya ba da damar cusa ɗaruruwa a tanki ɗaya. Amma rayuwa daban, lafiya daban. Tarwaɗa takan daɗe tana shan wahala ba ta mutu ba, mai ita yana ganin komai lafiya, alhali ta daina girma. Ƙin abinci shi ne kusan saƙo ɗaya tilo da take aikowa kafin fatarta ta fara gyambo, cikinta ya kumbura, gashin bakinta ya fara gutsurewa.

Ruwa ba ya tsami banza

Idan aka dawo kan safiyar Janairu a Limawa, tarihin nan yana ba da jerin abubuwan dubawa bi da bi.

Na farko sanyi ne. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki. Tarwaɗa ta fi ci da girma a tsakanin digiri 26 zuwa 30, idan ruwa ya sauka kusa da digiri 20 cinta yana raguwa ƙwarai. A hunturun Dutse dare yakan sauka ƙasa da digiri 15, tankin tamfol da ke tsaye a sarari kuwa ba shi da ƙasar da za ta riƙe masa ɗumi kamar tafki. Kifin da ya ƙi ci da asuba a wannan yanayi yana yin abin da kakanninsa suka saba yi a kogi. Maganinsa rage abinci, jinkirta shi zuwa hantsi ko azahar, rufe tanki da dare, da zuba sabon ruwan burtsatse wanda ke fitowa da ɗuminsa. Wanda ya ci gaba da watsa abinci kamar da, ragowar za ta ruɓe ta haifar da matsala ta biyu.

Ta biyun ita ce ruwan kansa. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, lamarin yana juyewa. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a lita ɗaya, mai digiri 30 kuwa kimanin 7.5, ga kifi yana ci da yawa yana fitar da amoniya da yawa. Ruwan burtsatse yakan fito da ƙarancin oksijin, shi ya sa ake so a watso shi daga sama ko a bar shi ya sha iska. Ruwan famfo mai sinadarin kilorin yana ƙona mashaƙa. Gishiri kaɗan yana rage shigar naitirait cikin jini, amma ba ya maye gurbin canja ruwa. A nan ne tattalin arziki ke shigowa. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin tayar da injin jan ruwa ya ninka, kuma wurin da mai kiwo ya fi saurin yin tsimi shi ne canja ruwa, domin illarsa ba ta bayyana a ranar.

Na uku abinci ne, wanda ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. Da darajar naira ta faɗi, mutane da yawa sun koma haɗa nasu da masara da waken suya da tunkuzar gyaɗa. Dabara ce mai kyau idan kayan sun bushe sarai. Idan sun yi funfuna, akwai hatsari mai tarihi. A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil, a daidai wannan lokaci kuma aka ga ciwon dajin hanta ya bazu a gonakin kifi na Amurka. Bincike ya kai ga guba ɗaya, afalatoksin, wadda funfuna ke samarwa. Tana lalata hanta, tana kashe sha'awar ci. Haka kuma bitamin C yana lalacewa a abincin da ya daɗe a zafi, kuma ana danganta rashinsa da tsagewar ƙoƙon kai da ake gani a manyan tarwaɗa.

Sai a mataki na huɗu ake zuwa ga ƙwayoyin cuta. Bakteriyar da ta fi yawan haddasa gyambo da kumburin ciki a tarwaɗa, mai suna Aeromonas, tana cikin kusan kowane ruwa, kullum. Tana samun galaba ne idan sanyi ko cunkoso ko amoniya sun riga sun raunana kifin. Wanda ya zuba maganin kashe bakteriya cikin ƙazamin ruwa ya kashe kuɗi, ya kashe bakteriyar da ke tace masa ruwa idan yana da matata, ya kuma bar ainihin dalilin yana nan. Idan ya sayar da kifin kafin maganin ya fita daga jikinsa, ragowar ta tafi cikin farfesun wani, tare da ƙara wa ƙwayoyin cuta juriya ga magungunan da asibitoci ke dogara da su.

Abin da ya rage a koya

Shekara 38 ne tsakanin gwajin Warington da hanyar awon Winkler, wato Turawa sun shafe kusan tsawon rayuwar aiki guda suna asarar kifi kafin su iya auna abin da ke kashe shi. Jigawa ba ta bukatar maimaita wannan jira. A yau akwai ma'aunin zafi da 'yan kwalaben gwajin amoniya da naitirait. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da ilimin kifi, madatsar Warwade kuma tana nan kusa da gari a matsayin filin nazari. Giɓin da ke akwai shi ne tsakanin ajin jami'a da tankin bayan gida, inda har yanzu mai sayar da 'ya'yan kifi da mai kantin magani su ne malaman farko na sabon mai kiwo.

Masuncin Haɗejiya yakan dubi launin ruwa da motsin kifi ya san abin da ke ƙasa, domin ya gaji wannan kallo daga iyaye da kakanni. Mai tanki a Limawa bai gaji kowa ba, sana'ar tasa ba ta wuce shekara ashirin zuwa talatin a yankin ba. Abin da zai tsaya masa a madadin gado shi ne littafin rubutu a gefen tanki: zafin ruwa da safe da yamma, yawan abincin da aka zuba, minti nawa aka ɗauka kafin a cinye, da ranar da aka canja ruwa. Wanda ke rubuta waɗannan zai ga ci yana raguwa kwana biyu ko uku kafin kifin farko ya taso da ciki sama, kuma a cikin kwanakin nan ne ake ceto jari.